Dukiyar da Kawu Alu Ya Ɓoye

Duk Sabiyal ba wanda ya taɓa ganin motar albasar Kawu Alu, amma ba yaron da bai san kamanninta ba. Koriya ce, in ji shi, mai ƙafa goma, kuma kullum tana hanya. In ka tambaye shi ina take yau, ta wuce Kwantagora. In ka sake tambaya bayan sallah, tana Kurmi, Yarabawa sun riƙe direban don sun ji daɗin albasar. Har sunan karen motar mun sani.

Kawu Alu ƙanen mahaifiyata ne, zana ɗaya ta raba gidanmu da nasu, don haka abin da ya mallaka na san shi kamar yunwar cikina: tabarma, buta, wata hula da ta manta launinta na asali, sai matarsa Inna Gudiya mai ƙuli-ƙuli, wadda ita ke sa hayaƙi ya tashi a gidan. Akwai kuma fadamar gado da ke tsakaninsa da yayansa Kawu Mu'azu. Ɓangaren Kawu Mu'azu albasa har tana ture juna. Ɓangaren Kawu Alu kuwa ciyawa ta yi sarauta, har ta naɗa hakimai.

A shekarun nan da aka ba mu jiharmu ta Kebbi, kowa na cewa arziki ya kusa, sai Kawu Mu'azu ya gaji. Ya tsaya ƙofar zaure ya ce, "Alu, ka ji ni da kyau. In ba ka yi dashe bana ba, hwadamag ga zan ba wani aro. Ƙasar tsohonmu ba ta ƙara kwana banza."

"Yaya, jira dai motata ta komo."

"In ta komo ka ɗauki ciyawar ka kai Kurmi."

Dashe kuwa ba da baki ake yinsa ba. Sai iri, sai taki, sai hayar injin ban-ruwa. Aljihun Kawu Alu kuma ko ɓera ya shiga sai ya fito yana kuka.

Ana cikin haka wani ƙaramin banki da aka buɗe a Jega ya aiko da wata ma'aikaciya, Malama Laraba. Doguwa ce, da tabarau a kan hanci, Hausarta irin ta Kano ce zalla, kuma ba ta ƙare zance sai ta ce "ko ba haka ba?" Kafin ta sha ruwan baƙunta na riga na haddace muryarta. Allah ne ya yi ni haka. In na ji murya sau ɗaya, ta zama tawa.

Aka taru gindin durumin ƙofar mai gari, maza gaba, mu mata can baya. Malama ta ce, "Ɗan rance ne muke bayarwa, ba mai yawa ba. Ba ma neman jingina. Ku haɗu ku tsaya wa juna, kowa ya ja jari, in kaka ta yi a biya, wani ma ya samu. Kuma babu ruwa a ciki, ko ba haka ba?"

Kawu Alu ya miƙe ya gyara hula. "Malama, ni ɗan kasuwa na, bari in tambaya don waɗanga da ba su sani ba. In babu ruwa, mi za mu ba albasa?"

Liman ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Malama ta ce kuɗin ruwa take nufi. Kawu ya ce ai ya sani, gwada ta ya yi, ya zauna.

Sai ta zo kan sharaɗi. "Ba ma ba wa mai shi. Wanda ba shi da komai muke nema, kuma sai na je gida na gani da idona. Masu buƙata su ɗaga hannu."

Hannun namiji ko ɗaya bai tashi ba. Ba a garinmu namiji zai ɗaga hannu gaban surukansa ya ce ba shi da komi ba. A wurinmu ko mutum ya kwana uku bai ga tuwo ba, in ka ce "ina gida?" zai ce "Alhamdu lillahi, rufin asiri." Maza suka shiga kallon tururuwa. Mata kuwa ba su da wannan ciwon. Hannuwa suka tashi, na Inna Gudiya har awarwaro na ƙara. Amma namiji ba ya waiwaye a taro, don haka Kawu bai gani ba. Shi nasa hannun ya taso a hankali, ya kai kafaɗa, ya ga Waliyyu mai shayi na kallonsa, sai hannun ya karkata ya shiga sosa kunne.

Malama ta rufe taro da cewa za ta dawo duba gidaje washegarin kasuwa.

Da yamma a teburin shayi Waliyyu ya tare shi. "Alu, hannu nig gani ko kunne?"

"Hannu na. Karɓa za ni yi."

"Kai da mota?"

Kawu ya kurɓi shayin da ba shi ya biya ba, ya rage murya yadda har masu wucewa za su ji. "Ku ba ku san kasuwanci ba. Babban ɗan kasuwa ba shi taɓa kuɗɗinai, da na banki shika juyi. Sun ce sai wanda ba shi da komi? To kahin ta zaka, in kwashe dukiyata in ɓoye. Ta iske gida hwayau, ta ba ni. Wayo ka nan."

"Wace dukiya?" in ji Waliyyu.

"Wadda ba a nuna ma masu shayi."

"To ran da za ka kwashe ta, kira mu mu kama maka. Kaya da yawa sai da hannuwa."

Majalisa ta ce ƙwarai kuwa, zumunci ai ya wajaba. Kawu ya ce to. Da ya shigo gida sai da ya sha ruwa moɗa biyu.

To ga inda kan Kawu ya nuna ba irin na kowa ba ne. Wani da ya ga ya shiga rami sai ya daina haƙa. Shi kuwa cewa ya yi, tunda za a ɓoye dukiya, dole a fara samo ta. Zai aro kaya daga garuruwan da 'yan Sabiyal ba za su gane su ba, ya shigo da su ta bayan gida da hantsi lokacin da maza ke fadama, sannan ya tara jama'a ya fitar da su ta ƙofar gaba da rana tsaka. Gari ya shaida shi mai arziki ne, banki ya shaida ba shi da komi, fadama ta tsira. Ya ce ko Nasara bai taɓa tunanin irin wannan ba.

Inna Gudiya tana murza ƙuli ba ta ɗago ba. "Malam, zanen aro dai ba shi ruhe katara."

"Ke mi kis sani ga harkar banki?"

"Ba komi," in ji ta. Ta ci gaba da murza.

Ya fara da Aliero. Alhaji Atiku dillalin albasa ya ara masa babbar riga mai aska takwas da hula, da tarin buhunan da ba komi ciki, don Kawu ya ce masa ɗaurin aure za shi Birnin Kebbi. Alhaji bai tambayi me buhu zai yi a ɗaurin aure ba, shi ma yana da nasa aikin. Daga nan sai Gehuru, wurin ƙanwarsu Inna Fatimatu, ya ɗauko keken ɗinkinta da katifa da rediyo, ya ce hoto za a ɗauka. Sannan ya taka har Mungadi wurin Hamma, wani Bafillace da suka saba tun suna samari, ya roƙi bijimai biyu na 'yan kwanaki.

Hamma ya yarda, amma ya ɗauki sandarsa ya biyo su.

"Hamma, ai ba sai ka zaka ba."

"Alu, ko uwata ta ari nagge, ina biye."

Haka Kawu ya dawo da bijimai biyu da baƙo ɗaya mai cin tuwo sau uku. Ya ɗaure su a turken zanar da ke ta wajen ƙofar gida, ya ce wa Hamma in an tambaya ya yi shiru kawai. Hamma ya ce shiru ba wuya, in dai akwai fura.

Buhunan kuwa ya haura rumfar Kawu Mu'azu ya kwaso harawar wake ya cusa, ya ɗora albasa 'yan ƙwarori a bakin kowanne ya ɗinke yadda za ta leƙo. Ya jera su tsakar gida har suka yi tsawon mutum. Matan unguwa duk sun gani ta saman zana, amma ba wanda ya tambayi mata.

Saura abu ɗaya. Ranar da Malama za ta zo, dole bakinsa ya furta kalmar. Sai ya kira ni. "Shafa'atu, an ce kina iya muryar matag ga. Zauna nan ki zama ita, in gwada."

Na ɗora karan dawa a hanci a madadin tabarau, na ɗaga haɓa. "Malam Aliyu, me ka mallaka a duniya?"

Ya zabura ya duba ƙofa, sannan ya tuna ni ce. "Alhamdu lillahi."

"Ba godiya na tambaya ba. Kana da shi ko ba ka da shi, ko ba haka ba?"

"To... akwai rufin asiri."

"Kawu, cewa za ka yi ba ni da komi."

"Na sani! Sake."

"Malam Aliyu, me ka mallaka?"

"Ba ni da..." Gumi ya tsattsafo masa. "Ba ni da... lokacin ƙirga su."

"Kawu!"

"Ba ni da ko... ko ɗaya da ta lalace cikin motocina."

Hamma da ke gindin zana ya ƙware da fura. Muka yi ta yi har la'asar. Mafi kusa da ya kai shi ne, "Ba ni da komi nan kusa."

Ni kuma, Allah ya yafe mini, abin ya yi mini daɗi. Washegari yana bayan gida da buta na tsaya jikin zana na ce, "Salamu alaikum, daga banki ne!" Ya fito da gudu yana ɗaure wando, ya faɗa kan katifa yana ƙoƙarin rufe ta da jikinsa. Da yamma na sake, ya jefa rediyo cikin tukunyar ruwa, sai da aka shanya shi a rana. A karo na uku ya yi karo da bijimi. Ya fito yana ɗingishi ya nuna ni da yatsa. "Ɗiyag ga, na rantse, in kin ƙara, ko mala'ika ta yi sallama da muryag ga sai ta ji abin da ba ta so."

Na yi alkawari na daina, kuma na cika. Wannan kam a rubuta mini.

Yanzu ga inda gizo ya yi saƙa. Malama ta ce washegarin kasuwa. A Sabiyal in an ce kasuwa, ta Aliero ake nufi, ba sai an faɗa ba. A bakin mutumin da ke zaune Jega kuwa, kasuwa ɗaya ce a duniya, ta Jega. Kawu ya lissafa da ta Aliero, ya ga yana da sauran kwanaki, sai ya sa ranar kwashe dukiya washegarin kasuwar Jega, don ranar maza na gida suna hutawa, za a samu 'yan kallo.

Ranar ta zo. Tun hantsi majalisar Waliyyu ta cika ƙofar gida, har da waɗanda ba a gayyata ba. Kawu Mu'azu ma ya zo ya tsaya gefe da hannu a baya. Kawu Alu na cikin ɗaki yana fama da babbar riga, don Alhaji Atiku ya yi biyunsa, hannun rigar na jan ƙasa. Ya ce kada a fara fitar da komi sai ya fito, a gan shi tukuna.

Ina tsakar gida ina taya Inna Gudiya suya sai na ji tsayuwar mota. Na leƙa. Malama Laraba ce ta fito, tare da mai yi mata jagora gida gida, wanda ba kowa ba ne sai Alhaji Atiku, don shi ya san manoman albasar yankin kaf. Alhaji ya tsaya wurin maza ana gaisawa. Malama ta ratsa zaure ta shigo.

Ta tsaya. Ta dubi bijimai. Ta dubi buhuna. Ta dubi keke da katifa da rediyo an jera su kamar kayan lefe. Ta gyara tabarau.

"Salamu alaikum, daga banki ne."

Daga cikin ɗaki muryar Kawu ta fito kamar tsawa. "Kin koma ko? To shigo, uwar iya!"

Na buɗe baki in yi magana, Inna Gudiya ta danna mini ƙuli mai zafi a hannu. Har yau ban sani ba ko kuskure ne.

Malama ta ce, "Malam, na zo duba halin da gidan nan yake ciki ne, ko ba haka ba?"

"Ko ba haka ba! Ko ba haka ba!" Kawu ya maimaita ta hanci, kuma wallahi bai iya ba. "Duba da kyau, mai idon kwalba! Rubuta shanu. Waɗanga biyu na gida na, garke na Mungadi. Rubuta albasa buhu ɗari. Rubuta mota tana Kurmi. Bankinku duka nawa shike? In saye shi in zuba awaki!"

"Malam, ka san da wa kake magana?"

"Na sani mana! Da doguwar banza mai kama da sandar rake, wadda za ni ruɗa ranar da taz zaka, in sa tsumma in yi mata kukan talauci, ta miƙo kuɗɗi tana share hawaye. Wayo, ɗiyata, wayo!"

Ya banko labule ya fito da hannuwa a buɗe, riga na shara, hula ta karkace, yana murmushin angwaye.

Ya ga Malama. Ya juya ya gan ni can gefe, bakina a rufe, ina hura yatsa. Ya sake duban Malama. Ya sake dubana. Na ga lokacin da lissafin ya shiga kansa, don hular ce ta fara zamewa.

"Sannu da zuwa," in ji shi da wata 'yar murya. "Ai... ba yau ba ta."

"Jiya aka ci kasuwa."

"Wace kasuwa?"

"Ta Jega mana. Akwai wata ne?"

Malama ba ta ɗaga murya ba. Ta juya wurin Inna Gudiya ta ce, "Baiwar Allah, ki yi haƙuri. Gida mai shanu da albasa haka ba irin wanda muke nema ba ne. Akwai masu buƙata da gaske." Ta juya za ta fita.

Karon farko na ga hannun Inna Gudiya ya tsaya da aiki. Fadama ce ke fita ta zaure da tabarau a hanci.

To, bijiman Hamma tun shekaranjiya suke jin ƙanshin harawa ba su san inda take ba. Ihun Kawu ya sa babban ya firgita ya ja igiya, ya kai hanci jikin buhu, ya gane. Ya sa ƙaho ya farke shi. Albasa uku suka gangaro, harawa ta biyo baya kamar an buɗe rumbu. Ƙaramin ya ga ana ci ba shi, ya fizga da ƙarfi. Turken ya tumɓuke, zana ta yi wani dogon tunani, sannan ta kwanta gaba ɗayanta a waje, kan majalisar Waliyyu.

Da ƙura ta lafa, ga rabin Sabiyal tsaye suna kallon tsakar gidan Kawu Alu, ga Kawu a tsakiya cikin aska takwas.

Waliyyu ya fito daga ƙarƙashin zana da kara a gemu. "Alu, mun zaka kamun kaya. Da wane za mu hwara?"

Kawu Mu'azu ya matso ya ɗauki harawa ya sansana. "Wagga harawata ta. Ina ta zargin awakin maƙwabta!"

"Yaya, ajiya ta..."

"Tsaya," in ji Alhaji Atiku, yana ƙare masa kallo daga wuya zuwa ƙasa. "Nan na Birnin Kebbi? Ina ango? Kuma buhunana na wanga dabba ke ci?"

"Alhaji, ɗaurin auren an ɗaga..."

"To rigata ba a ɗaga ta ba. Tuɓe, kahin ka taka mani aska."

Malama kuwa ta dawo ta durƙusa gaban keken ɗinki tana shafa shi. "Wannan ai na Fatimatu ta Gehuru ne. Mu muka ba ta rancen da ta saye shi bara, ga tabon da ya samu ranar da aka sauke shi daga mota. Jiya ta zo kasuwa ba ɗinki, ta ce yayanta ya ara za a ɗauki hoto."

"Har katihwa da rediyo," in ji wata murya daga cikin mata. Ban ce tawa ba ce.

Kawu ya ga gini na rushewa ta ko'ina, sai ya rungumi abin da ya saura. Ya nuna bijimai. "To shanu hwa? Shanu dai ba a musu! Ga ma makiyayina nan, ku tambaye shi."

Hamma ya ajiye ƙwarya a hankali. Ya miƙe, ya ɗora sanda a kafaɗa. "Alu, ka ce in yi shiru, na yi shiru. Na ci tuwonka, ko da yake na matarka na. Amma makiyayinka? Kai da ko kaza ba ta taɓa kwana da sunanka ba?" Ya yi wa bijiman wata 'yar fito, suka bar harawa suka bi shi ta inda zana take a da. Ko sallama bai yi ba.

Alhaji ya karɓi riga. Ya miƙa hannu, aka ba shi hula. Yaran Waliyyu suka ɗauki keke da katifa da rediyo suka sa a motar banki don a sauke su Gehuru. Kawu Mu'azu ya tattara harawarsa. Aka yi kwashe dukiya dai kamar yadda aka shirya, ta ƙofar gaba, da rana tsaka, gaban jama'a. Ba a jima ba tsakar gida ta koma yadda Allah ya yi ta: tabarma, buta, kaskon ƙuli, da Kawu Alu zaune a ƙasa cikin singileti mai huji.

Malama Laraba ta dube shi. Ina jin tausayi ya kama ta, don muryarta ta yi laushi. "Malam, yanzu tsakaninka da Allah, me ka mallaka?"

Kawu Mu'azu ya matso. Na tsaya bayan Malama ina yi wa Kawu kalmar da leɓe, ba ni da komi, ba ni da komi. Ba a taɓa shirya wa mutum amsa a faranti kamar wannan ba. Shaidu sun fi ɗari, kuma duk sun gani.

Kawu ya buɗe baki. Ya dubi Waliyyu. Ya dubi surukansa. Ya ja singileti ya rufe cibiya.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Rufin asiri."

Dariyar da aka yi, an ce har fadama an ji ta. Liman da ya iso a makare sai da aka riƙe shi.

Inna Gudiya ta goge hannu a zane ta matso. "Malama, bar shi, ba shi iyawa. Ba mu da komi. Abin da kig gani yanzu shi na, sai hwadama da ba a noma ba, sai hannuwa huɗu, biyu na aiki, biyu na nuni."

"Ai dama wurinki na zo," in ji Malama. "Ke kika ɗaga hannu."

Kawu ya ɗago. "Ni hwa?"

"Kai ai kunne ka sosa, ko ba haka ba?"

Aka sa Inna Gudiya cikin ƙungiyar matan unguwa, suka tsaya wa juna. Kawu Mu'azu ya ce fadama ta zauna, amma da sharaɗi: iri da taki da hayar inji duk a hannun Gudiya, Alu kuwa nasa fartanya. Ya ƙara da cewa in ya sake jin labarin mota, shi zai zama karen motar, da bulala.

Haka aka yi dashe a kan lokaci. Duk wanda ya bi ta fadama a ranin nan ya ga Kawu Alu cikin taɓo har gwiwa yana jan tiyo, ni kuma in kai masa fura in koma in gaya wa Inna ko ya yi aiki ko ya yi zance. Albasa ta yi kyau, ba laifi. Inna ta biya abin da ta karɓa, ta sayi tunkiya, ta sa aka gyara zana da turke mai ƙarfi.

Na ɗauka bakin Kawu ya mutu ke nan. Sai ran nan na bi ta teburin shayi, na iske ya samu wani baƙo ɗan Maiyama da bai san komi ba, ya tsare shi.

"Ka gan ni nan? Banki da kanshi ya taso tun daga Jega. Sunka bincike Gehuru, sunka bincike Mungadi, sunka bi Sabiyal gida gida. Da sunka zaka nawa, ita babbar da kanta ta ce ba ta taɓa ganin irinai ba. Gidana anka hwara zaɓa. Na ɗaya!"

Baƙon ya ce, "Ikon Allah! Na ɗaya a mi?"

Waliyyu ya buɗe baki. Kawu ya riga shi, ya tura masa kofi.

"Na ɗaya dai. Ƙara mani madara, Gudiya ta biya."